Zakkar Mutum Na Bakwai

Azumin bana ya zo mana da sauƙi. Da hantsi ma sai na yafa mayafi mai kauri, ruwan randa kuwa sanyi ƙalau, ba wanda ya nemi ƙanƙara. Shekaranjiya ina koya wa sababbin ɗalibai darasin jeri a kwamfuta, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa shida na samu." Na leƙa littafinta, sunaye bakwai ne a jere. 'Yan ajin suka yi dariya, ni na kasa. Wani azumi na tuna, na shekara bakwai da suka wuce.

Wancan azumin a tsakiyar bazara ya faɗo. Ina da shekara goma sha takwas, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Daura ta yi zafin da tun ƙarfe tara ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Katangar ɗaki takan riƙe zafin rana har bayan magariba, in ka jingina da ita sai ka ji kamar bayan tukunya. Kaji sukan buɗe baki su kwanta a gindin randa, ba a korarsu don tausayi. Wutar lantarki kuwa mun daina maganarta.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Abin da Baba ya kawo daga gonarmu ta hanyar Zango bai kai rabin na kullum ba, kuma kafin azumi ya kama an fara jin ƙasan rumbu. Inna ta koma awo da ido biyu. Kullum da safe takan auno gero a ƙwarya ta miƙo mini, in surfa, in wanke, in kai niƙa. Rabi kunun tsamiya na shan ruwa, rabi fura ta sahur. Ƙosai sai ranar Juma'a. Sauran ranaku kwaɗon zogale ne da ɗan ƙuliƙuli, sai tuwon dawa miyar kuka da ba ta san mai ba. Ƙannena, Jamila da tagwaye Hassana da Husaina, su ke tsinko zogalen, su baje a faifai suna faɗa kan wadda ta fi tsinka.

Mu bakwai ne a gidan, in an haɗa da Yaya Auwalu. Shi ne ɗan fari, makanikin babur ne. Shekara uku kafin wannan azumin ya bi ta Kongolam ya shiga Nijar da niyyar ƙetara sahara neman aiki. Daga Agadas ya kira Baba sau ɗaya, ya ce gobe za su tashi. Daga nan shiru. Inna dama ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "Babba". Shi ya sa ba wanda ya iya gane inda kunyarta ta tsaya da inda baƙin cikinta ya fara.

Ran biyar ga azumi Baffa Ilu, yayan Baba, ya zo da la'asar. Ina surfe a bayan dangar kicin, ina jin su.

"Bana mutum shida za ka auna zakkar fidda kai," in ji Baffa. "Bara da bara waccan na yi shiru kana auna bakwai. Bana ko na bakin yaran nan bai ishe ka ba. Ka auna shida, bayan salla mu tara liman da maƙwabta a yi wa yaron nan sadaka da addu'a, zuciyar kowa ta huta."

Baba ya ce, "To, Yaya."

Na tsayar da taɓarya. Zakkar fidda kai mudu huɗu ce ta ɗan ƙaramin mudun Annabi a kan kowane rai, ana fitarwa ƙarshen azumi. A kan rai, na ce. Ba a auna wa mamaci. Duk ranar da Baba ya auna shida, to ranar an binne Yaya Auwalu ke nan, ba gawa ba likkafani. Na san haka, amma ni ba mai magana ba ce. Ni ce yarinyar da ake aika sayen gishiri ta tsaya kallon gajimare. Na ci gaba da surfena.

A watannin nan ina zuwa wata cibiya a cikin gari da ake koya wa matasa rubuta umarnin kwamfuta, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya. Kwamfutoci goma sha biyu ne, biyar ke tashi. Batiran sola sun tsufa, in sun fara kuka sai a kashe komai. Saboda haka malaminmu, Malam Nura, ya kafa doka: kowa ya rubuta aikinsa a littafi da biro tukuna, har da amsar da yake zaton na'ura za ta bayar, sannan mutum biyu-biyu su zauna gaban kwamfuta na minti goma. Yakan jiƙa hankici ya ɗora a ka ƙarƙashin hula, kafin ya gama bayani ɗaya ya bushe. Abokiyar zamana Ngozi ce, 'yar mai shagon kayan babur na bakin tasha. A Daura aka haife ta, Hausarta ta fi tawa zafi. Duk tsawon azumin ban taɓa ganin ta sha ruwa a gabanmu ba, sai ta zagaya bayan aji.

Ran sha huɗu ga azumi Malam Nura ya kawo darasin abin da Turawa ke kira array, mu muka sa masa jeri. Ya ce kamar layin ƙore ne a kan tabarma, kowace da abin da ke cikinta, kowace da lambarta. Sai dai ita kwamfuta ba daga ɗaya take fara lamba ba, daga sifili take farawa.

"Kowa ya jera sunayen mutanen gidansu," in ji shi. "Ku sa wa kowa lambarsa a ƙasa. Sannan ku rubuta min tsawon jerin, wato su nawa ne."

"Malam, wato babana ne sifili?" in ji Ngozi. "Bari ya ji, yau ba mai cin abinci a gidanmu."

Aka yi dariya, irin dariyar masu azumi, gajeriya don kada yawu ya ƙare. Na rubuta nawa:

gida = ["Baba", "Inna", "Auwalu", "Bilkisu", "Jamila", "Hassana", "Husaina"]

Ban yi tunani ba wajen rubutawa. Tun ina firamare haka hannuna ya saba jera mu. Na sa sifili ƙarƙashin Baba, ɗaya ƙarƙashin Inna, na bi har Husaina, ta samu shida. Wajen tsawo na dubi lambar ƙarshe na rubuta shida. Kusan kowane sabon ɗalibi yakan yi wannan kuskuren, sai dai da ya dubi amsar yakan ji wani abu bai zauna ba, don ya san yawan 'yan gidansu. Ni ban ji komai ba. Shida ta zauna mini daidai. Da masu rabon gidan sauro suka zo suka ce ku nawa ne, shida na ce. In maƙwabta za su aiko da abin sadaka, shida muke cewa. Ƙwarya shida Inna ke jerawa da magariba. Shekara uku bakina yana koyon wannan lambar ban sani ba.

Da layi ya zo kanmu, Ngozi ta buga nata ta samu daidai. Na zauna na buga nawa, na ƙara layin da Malam ya koya mana na tambayar tsawo, print(len(gida)), na danna. Allon ya nuna 7.

"Malam," na ce, "wannan na'urar zafi ya taɓa ta."

Ya zo ya leƙa allon, ya leƙa littafina. "Bilkisu, na'ura lafiyarta lau. Ke ce azumi ya taɓa. Lambar ƙarshe kika ɗauka, kin manta daga sifili aka fara. Sa yatsa ki ƙirga."

"Ke Bilki, yunwa ta sa kin cinye mutum guda," in ji Ngozi.

Na ɗora yatsa a kan gilashin allon, yana da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ɗaya, Baba. Biyu, Inna. A na uku yatsana ya tsaya. Ngozi ta bi yatsan da ido, ta ga sunan, dariyarta ta ɗauke. A shagon babanta Yaya yake sayen kayan gyara, ta san shi, ta san labarin.

Malam Nura bai sani ba. Ya ga yatsana ya tsaya, sai ya ce, "Ko akwai wanda ba ya gidan ne? Ita fa ba ta san wanda ya yi tafiya ko wanda ya rasu ba. Abin da kika zuba mata shi take ƙirgawa. In shida kike so, sai ke ki cire ɗaya da hannunki. Ga yadda ake yi." Ya ja littafina ya rubuta umarnin cirewa.

Na sauke hannuwana a cinya. Batir ya fara kuka a kusurwa. Na bayanmu suna cewa mu yi sauri.

"Ba zan cire ba, Malam."

"To ki gyara littafinki, don ɗaya daga cikinku ya yi kuskure."

Na ɗauki biro na soke shidan nan, na sake sokewa, har takardar ta huje. Na rubuta bakwai a gefe, babba. Ngozi ta ce a hankali, "Haka ne. Bakwai."

Na taho gida rana na tsaka. Kwalta tana walƙiya kamar an zuba mata ruwa, iska in ta buso sai ka ji kamar daga bakin murhu. Ban yi kuka ba, ba ni da ruwan da zan yi asara. Haushi nake ji, kuma ba na Baffa ba. Haushin kaina nake ji. Baffa aƙalla ya fito ya faɗa da baki. Ni kuwa na riga shi cire Yaya tuntuni, a ɓoye, har na tsaya ina musu da na'ura.

Washegari da Inna ta miƙo mini ƙwaryar gero, na ɗebi tafi guda kafin in zuba a turmi, na juye a tsohon gwangwanin madara, na tura ƙarƙashin kayana. Don kada in ci haƙƙin tagwaye, sai na rage nawa cin. Da sahur in sha ruwa da ludayi biyu na fura in tura musu saura. Kwana uku na farko da sauƙi. Daga nan na san yunwa ta gaske, wadda ba a ciki take zama ba, a gwiwa take da bayan ido. In na miƙe daga tsugune sai duniya ta yi duhu ta dawo. A aji haruffan allo sukan yi iyo kamar ƙwari a kan kunu. Da la'asar nakan kwanta a kan siminti in manna kumatuna a jikin randa, ina jin ɗan sanyinta yana shiga ta fata, ina lissafin saura awa nawa.

Ran ashirin hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har ƙamshin ƙasa ya iso. Tagwaye suka fita tsakar gida suna tsalle. Baba kuwa ya tsaya a ƙofar zaure fuskarsa ba walwala. Ya riga ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, kuma yayyafi ya fi fari ba shi tsoro, don yakan tayar da iri ya bar shi ya ƙone. Aka yi iska, ta kwashe mana shanya, ta ɗaga kwanon makewayi, aka ɗiga abin da bai jiƙa bayan akuya ba. Hadarin ya wuce Nijar. Baba ya ce alhamdulillahi, ban san ko na me ba.

A ranar ne na buɗe gwangwanina na ga geron ya wuce inda na bar shi. Na yi alama da farce a jikin gwangwanin. Washegari ya sake wuce alamar. Na dubi Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Sai a lokacin na lura ita ma ludayi biyu take sha. Ashe ita ke ƙara mini a ɓoye. Haka muka yi ta yi har kwana takwas, kamar ɓarayi biyu da suka haɗu a rumbu ɗaya.

Ran ashirin da takwas bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baffa Ilu ya zo a babur da ɗan buhun gero a baya, don ya san namu ba zai kai ba. Wannan ma sai na faɗa, don kada a ɗauka mugu ne. Al'adar Baba in zai auna, yakan ambaci mai rabon, ya yi bisimilla, ya cika mudu sau huɗu, ya ware tsibin gefe. Ya auna nasa. Ya auna na Inna. Ya ɗan tsaya, mudun na hannunsa, sannan ya ce, "Na Bilkisu."

Ban san lokacin da na fito ba. Gwangwani a hannu ɗaya, littafina a ɗaya. Na durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, an tsallake ɗaya."

Baffa ya dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar boko, ba tsallake aka yi ba. Mun gama magana da ubanki. Tashi ki ba mu wuri."

"Baffa, ka yi haƙuri. Wa ya ga gawarsa?"

Jamila ta toshe baki. Daga kicin na ji muciyar Inna ta tsaya.

"La'ilaha illallahu," in ji Baffa. "Yarinyar da ko sallama sai an ce ta ɗaga murya? To bari in gaya miki abin da ba a koya muku a makaranta ba. Ko yana raye, ƙato ne mai gemu, zakkarsa ba ta wuyan ubanki."

"Haka ne, Baffa. Da don haka aka bar shi, da ban fito ba. Amma ba don haka ba ne, kuma kowa a nan ya sani." Na buɗe littafin a shafin da ya huje, na ajiye a kan tabarma, na ɗora biro a kai. "Ga sunayenmu. An ce in ana son mu koma shida, sai mutum ya cire ɗaya da hannunsa. An ba ni na kasa. Wanda zai iya, ga biro."

"Wa ya ce?"

"Malaminmu na kwamfuta."

"Oho. Yanzu kwamfuta ce limamin gidan nan." Ya juya ga Baba. "Ka ji ko? Ka ji abin da ka biya wa kuɗin mota?"

"Da ƙafa take zuwa, Yaya," in ji Baba.

Ba wanda ya taɓa biron. Kaza ta zo za ta tsattsagi geron, Husaina ta kore ta. Baba ya jawo littafin gabansa. Shi ajami yake karantawa, boko bai shige shi ba.

"Wanne ne na Babba?"

Na nuna masa. Ya ɗora babban yatsansa a kan sunan, yatsan da kaftun gona ya fasa, ya rufe shi gaba ɗaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga ya ce, "Juye abin da kika kawo."

Na juye. Ya yi bisimilla ya cika mudu na farko, na biyu, na uku. A na huɗu geron ya tsaya a rabi. Na karkaɗe gwangwanin, ƙwaya biyar ko shida suka faɗo. Duk yunwar kwana goma sha uku, tawa da ta Inna, ba ta cika mudu huɗu ba. Na ji idona ya kawo ruwan da na hana shi tun ranar aji.

Baffa ya yi tsaki. Ya jawo buhunsa, ya kwance bakin da haƙori, ya zura hannu biyu ya cika mudun har ya yi tozo yana zuba.

"Ba don kwamfutarki ba," ya ce, bai dube ni ba. "Ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, ke kina ina?" Ya ɗaure buhun. "Maganar sadaka fa?"

"A bar ta, Yaya," in ji Baba. Ban taɓa jin ya ce wa Baffa a'a ba sai ranar.

Aka gama awo, tsibi bakwai a kan tabarma. Baba yana faɗin gidajen da za a kai kowanne, sai muryar Inna ta fito daga ƙofar kicin, ƙasa-ƙasa. "Na Babba a kai wa baƙo. Wanda ba ɗan garin nan ba."

Ba zan ƙawata labari ba. Shekara goma ke nan, har yau ba mu ji ɗuriyar Yaya Auwalu ba, ba na daɗi ba na akasinsa. An sha kawo mana maganar haƙuri, mun sha godiya mun mayar. Ruwan shekarar ma bai sauka sosai ba sai bayan salla da mako guda, kuma sai da Baba ya sake shuka rabin gonar.

Amma washegarin awon nan, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, na ɗauki ƙullin a ka na nufi tasha. A inuwar wata motar da ta lalace na tarar da wata tsohuwa da jikarta, daga wajen Damagaram suka zo asibiti, kwanansu huɗu suna jiran wanda zai mayar da su. Na gaishe ta, na sauke ƙullin a gabanta. Ta kwance, ta zura hannu cikin geron, ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta.

"Na wa ne, 'yata, in yi masa addu'a?"

"Na yayana ne, Iya. Auwalu."

Ta ɗaga tafukanta, sai kuma ta dakata ta dube ni. "Wacce zan yi masa? Ta mai rai ko ta mamaci?"

"Ta mai rai," na ce. "Matafiyi ne."